Barin Taba Ba Aikin Mutum Ɗaya Ba Ne

Jama'a, duk wanda ya kwana a Jos Jarawa cikin watan Disamba ya san irin ɗarin da ke saukowa daga duwatsun Shere. Da wannan ɗari kawuna ya kan kafa hujja, wai hayaƙin sigari ke ɗumama masa ƙirji. Sau uku yana rantsuwa ya bari, sau uku yana komawa kafin mako ya kewayo. Mu kuwa a gida sai gori, muna ce masa raggo. Yanzu na gane mun zalunce shi.

Abin da ke cikin taba, watau nikotin, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya ke kaiwa ƙwaƙwalwa. In jiki ya saba, ran da aka hana shi sai fushi da rashin barci da ƙaiƙayin rai, tun ba a makon farko ba. Wa'azi kaɗai ba ya kwantar da wannan, ko na majami'a ko na masallaci.

A watan Yuli 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan barin taba. Ta amince da cingam ɗin nikotin, da wanda ake mannawa a fata, da ƙwayoyi irin su bareniklin, ta kuma nuna an fi dacewa in aka haɗa magani da shawara. Dalili a fili ya ke. Magani jiki ya ke lallashi. Amma hannun da ya saba laluben aljihu bayan an ci tuwo, ko a teburin mai shayi, ƙwaya ba ta san da shi ba. Nan ne mai ba da shawara zai zauna da kai ku tsai da ranar bari, ku shirya abin da za ka ce wa abokin da ya miƙo maka kara ɗaya. In ka zame, ya ɗaga ka ba da gori ba.

Waɗansu za su ce magani da tsada. Gaskiya ne, amma a lissafta kuɗin sigarin shekara tukuna.

Mu da za mu riƙe alli fa? Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma har yanzu akwai malamin da ke aiken ɗan makaranta sayen sigari. Ina roƙon hukumar kwalejinmu ta gayyato ma'aikacin lafiya ya riƙa zama da masu son bari, a asirce, kafin a tura mu koyarwa. Kawuna dai ya yarda in raka shi wurin likita ran Litinin.