Dokar da ba a rubuta ba: ta wa za a bi a Abijan?

A ɗauka cewa wani alhaji daga jihar Tawa ya loda albasar Galmi zuwa Abijan, ya danƙa ta ga mai masaukinsa, shi kuma ya sayar bashi ta hannun dillali. Babu takarda, babu sa hannu, sai shaidu da amana, kamar yadda aka gada. Ran da rikici ya tashi har ya kai gaban alƙali, da wace doka za a raba gardama?

Amsar ta bar hannun majalisar dokokin Yamai tun tuni. Ranar 17 ga Oktoba 1993, a Por-Luwi ta tsibirin Moris, Nijar ta sa hannu a yarjejeniyar OHADA, wadda yau ta haɗa ƙasashe 17. Aya ta 10 ta yarjejeniyar ta ɗora dokokin ƙungiyar bisa kowace dokar ƙasa da ta saɓa musu. Dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1998, aka sake mata fasali a Lome a 2010. Ƙarar ƙarshe kuwa a kotun ƙungiyar da ke Abijan take ƙarewa, kuma hukuncinta ba shi da ɗaukaka.

To, amma babu kundin da ya taɓa hango kowace rigima. Inda rubutu ya yi shiru, dole alƙali ya nemi madogara a wani wuri: hukunce-hukuncen da suka gabata, manyan ƙa'idojin adalci, ko al'adar masu sana'a. Wannan doka da babu ministan da ya sa mata hannu, sau da yawa ita ke yanke wa mutum arzikinsa.

Turawan da aka kwaikwaya sun san da haka. Yarjejeniyar Roma ta 1957 ba ta faɗi cewa dokar tarayyarsu ta fi ta ƙasa ƙarfi ba. Kotunsu ta Lukzambur ce ta kafa wannan ƙa'ida a 1964, a shari'ar wani lauya ɗan Italiya, Kosta, da ya ƙi biyan kuɗin wutar lantarki. A 1970 kuma, sa'ad da wani kamfanin hatsi na Jamus ya yi ƙara kan kuɗin ajiyar da ya rasa a cinikin masara, kotun ta ce haƙƙoƙin ɗan Adam suna cikin dokar tarayyar ko ba a rubuta su ba. Daga ina ta ɗebo su? Daga al'adun tsarin mulki na ƙasashen tarayyar su kansu. Wato daga rijiyar gida ta sha.

A nan fa? An gina yawancin dokokin OHADA bisa tubalin dokar Faransa, kuma mafi yawan alƙalai da lauyoyin yankin da littattafan Faransa aka horar da su. Idan rubutu ya yi shiru, littafin da ya fi kusa da hannu shi ne na Faris. Harsunan aikin ƙungiyar tun gyaran 2008 su ne Faransanci, Ingilishi, Sifaniyanci da Fotugisanci. Hausa, wadda da ita ake ƙulla ciniki daga Maraɗi har Kwatano, ba ta da kujera.

Abin takaicin shi ne ƙofa a buɗe take. Dokar kasuwancin ta yarda a kafa hujja a kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, har da shaidar baki. Ta kuma ce al'adun da masu ciniki suka amince da su, da abin da suka saba yi a tsakaninsu, suna ɗaure su. Amma alƙali ba ya duba, sai an kawo masa. Wa zai bayyana masa nauyin da ke kan mai masauki idan mai saye ya gudu? Wa zai faɗa masa wanda ke biyan la'ada, ko lokacin da "Allah ya ba da sa'a" ke zama ciniki ya faɗa? Al'adar da ba ta da mai tabbatar da ita a kotu, daidai take da babu.

Wasu za su ce al'ada makamin mai ƙarfi ce, da ita maigida ke danne yaronsa. Akwai gaskiya a ciki, kuma babu mai neman al'ada ta ture doka bayyananna. Sai dai wannan dalili ne na tacewa, ba na zubarwa ba. Kotunan Nijar sun daɗe suna zama da masana al'ada a shari'ar aure, gado da gona. Me ya sa kasuwa kaɗai za a mayar marainiya?

Aikin a fili yake. Majalisar ƴan kasuwa ta ƙasa ta zauna da sarakunan kasuwa da dillalan Maraɗi, Damagaram da Birnin Ƙonni, a tattara al'adun cinikin albasa, wake da dabbobi, a riƙa ba da takardar shaidarsu ga mai ƙara. Malaman shari'a na jami'ar Abdu Mumuni su nazarce su, su koyar da su. Ma'aikatan da ake turawa tarurrukan OHADA su daina zuwa karɓar kuɗin guzuri kawai, su tafi da abin faɗi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. In ya yi shiru, baƙo ne zai yi masa yaɓe, kuma shi zai biya lada.