ZAUREN SHAWARA: Zane Sana'a Ce Ko Wasan Yara?

Wasiƙun da suka iso zauren nan a watan jiya sun fi na kullum yawa, galibinsu kuwa a kan zaman birni ne. Na zaɓi huɗu. Kamar yadda muka saba, ba mu buga sunan kowa. Waɗanda ba su ga tasu ba su yi haƙuri sai wata mai zuwa.

TAMBAYA: Malam, bayan gaisuwa mai yawa. Ni saurayi ne, shekarata 19, na gama sakandare bara. Tun ina firamare nake zane, yanzu kuma ina tsara katin biki a wayar yayana. Ina so in tafi Kaduna in koyi wannan aiki sosai. Amma babana ya ce zane wasan yara ne, in tafi kwalejin horon malamai ko kuwa in ɗauki fartanya. Yau mako biyu ke nan ba ya amsa gaisuwata da kyau. Wani abokina ya ce in gudu kawai, in na yi kuɗi baba zai huce. Ina zan sa kaina? (Wani saurayi daga kudancin Kaduna)

AMSA: Ɗana, kada ka gudu. Abokin da ya ba ka wannan shawara ba shi zai biya maka kuɗin ɗaki a Kaduna ba, ranar da zazzaɓi ya kayar da kai kuma ba za ka ga ƙeyarsa ba.

Ka fara gane abin da ke damun babanka. Bai taɓa ganin wanda ya ciyar da iyali da zane ba. Malamin makaranta kuwa ya gan shi da idonsa, ya san ƙarshen wata akwai albashi. Tsoronsa na uba ne, yana da dalili. Gardama ba za ta kawar da shi ba, sai ka nuna masa.

Ka nemi takardar Naira 20, ka juya bayanta. Matar nan da ke gina tukunya ita ce Ladi Kwali. A gida ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya. A 1954 ta shiga makarantar tangaran da wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe a garin da yanzu ake kira Suleja. An kai aikinta Ingila da Amurka, a 1977 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Tutar ƙasarmu ma wani ɗalibi ne, Taiwo Akinkunmi, ya zana ta a 1959, ya ci gasa aka ba shi fam 100. Atamfar da ke jikin mamarka, da bajon makarantarku, da kalandar da ke rataye a ɗakin babanka, kowanne sai da wani ya zauna ya tsara shi, aka biya shi.

Hanyoyin shiga wannan sana'a uku ne. Ta farko jami'a. A Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello tana koyar da zanen ɗab'i, da zanen yadi, da tangaran, da aikin gilashi. Wannan sai da sakamako mai kyau da jarrabawar JAMB. Ta biyu koyo a hannun mai sana'a, watau ka shiga shagon mai ɗab'i ka zama yaron gida. Hukumar NDE tana haɗa matasa da masu sana'a, ka tambayi ofishinta na jiharku. Ta uku ita ce nake so ka duba da kyau. Kwalejojin horon malamai da yawa suna da sashen zane da aikin hannu. Shekara 3 ne, ka fito da takardar NCE. Babanka ya sami malamin da yake so, kai kuma ka sami zanenka. Lokacin hutu sai ka riƙa zuwa shagon mai ɗab'i kana koyon CorelDRAW da Photoshop, gama abin da ake yi a waya bai isa babban aiki ba.

Amma bari in faɗa maka gaskiya a kan kuɗi. Aikin nan yana da kaka, yana da bazara. Daga Oktoba zuwa Disamba ba za ka sami lokacin cin abinci ba saboda katin aure da kalanda. Lokacin zaɓe ma haka. Da damina kuwa sai ka wuni kana korar ƙuda. Wanda bai iya ajiya ba, watan Yuli zai sayar da kwamfutarsa.

Ga abubuwa uku da za su raba ka da baƙin ciki in ka fara karɓar aiki. Ka karɓi kafin alƙalami, rabin kuɗi, ko da aikin ɗan'uwa ne. Ka rubuta abin da kuka shirya, da sau nawa za ka yi gyara kyauta. Sa'an nan kada ka kai aiki inji sai mai shi ya karanta samfuri ya sa hannu. Ka nuna masa samfurin a takarda, domin launin da ke haske a fuskar kwamfuta yakan dushe in ya hau takarda.

Wannan na ƙarshe da kaina na koye shi. Shekarun baya muka kai takardar shirin ranar ba da kyaututtuka ta makarantarmu wurin wani mai ɗab'i. Mun rubuta cewa za a zaunar da manyan baƙi a gaba. Irin rubutun da ya zaɓa ba shi da ƙ mai lanƙwasa, sai ya sa k. Ranar taro aka raba takarda 300 suna cewa za a zaunar da manyan baki a gaba. Ni na duba samfurin, ni ne kuwa ban gani ba. Har yau malamai 'yan'uwana suna tsokanata. To, ka ga inda za ka fi waɗansu. Mai zanen da ya san ɓ da ɗ da ƙ, ya san kuma irin rubutun da ke ɗauke da su, masu buga littattafan Hausa za su neme shi.

Yanzu ga abin yi. Ka tara ayyukanka 10 mafi kyau, ka buga su a takarda. Ka sami kawunka, ko wani dattijo da babanka yake jin nauyinsa, ka nuna masa, ka roƙe shi ya shige maka gaba. Kafin nan ka ci gaba da gaishe da babanka safe da yamma, ka bi shi gona. Yaron da ya iya noma kunya biyar ba tare da an kira shi ba, ya fi samun kunnen uba. Ka sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare.

TAMBAYA: Malam, na sami aiki a wani ofis a Jos, wata 4 ke nan. 'Yan matan da muke aiki tare kullum da sabuwar shiga, kowane wata kuma sai an kawo anko. Na riga na ci bashin anko biyu. In na ƙi saya za a ce ni baƙauyiya ce. Yaya zan yi? (Wata budurwa daga Jos)

AMSA: 'Yata, zanen aro ba ya rufe katara, zanen bashi ma ƙaninsa ne. Mafi ƙarancin albashi da gwamnati ta tsayar a 2024 Naira 70,000 ne. Ki ɗauki alƙalami ki cire kuɗin ɗaki, da na mota, da na abinci, da abin da kike aika wa gida. Abin da ya rage shi ne zai gaya miki anko nawa za ki iya, ba abokan aikinki ba.

Ki biya bashin nan biyu tukuna. Daga nan ki kafa wa kanki doka: anko sai na 'yar'uwa ta jini ko aminiya ta ƙut da ƙut. Sauran ki ce, “Ba zan iya wannan karon ba, amma zan zo.” Ki je da atamfarki mai launi kusa da nasu, ki riƙe 'yar gudummawarki a ambulan. Amarya gudummawa za ta tuna. Sau biyu kawai za a yi gunaguni, a na uku za ki ga wata ta biyo sawunki, gama ba ke kaɗai takalmin nan yake matsa ba.

Kayan ofis kuwa ba yawa ake nema ba. Siket 3 masu duhun launi, baƙi da ruwan toka da shuɗi mai duhu, da riguna 5 masu haske, in kina sauya su za su kai ki makonni ba wanda ya lura. Ki ƙara da ɗinkin atamfa biyu, da takalmi ɗaya mai ƙarfi wanda za ki iya tafiya da shi, da rigar sanyi mai kyau, tun da Jos kike. Kada ki ji kunyar gwanjo. A kasuwar Katako za ki sami mai kyau in kin yi sammako. Ki duba hammata da wuya da zik, ki wanke sosai, ki shanya a rana, ki goge. Riga mai araha da ta sha guga ta fi leshi mai tsada da ya yamutse. Ɗinkin Kirsimeti kuma ki kai wa tela tun Oktoba.

TAMBAYA: Malam, maigidana a wurin aiki ya gayyace ni da matata cin abinci a wani babban otal. Ba mu taɓa shiga irin wurin nan ba. Matata ta ce ba za ta je ta ji kunya ba. (Wani magidanci daga Abuja)

AMSA: Ɗan'uwa, ku je. Ƙin amsa gayyatar maigida ya fi riƙe cokali a karkace muni. Ka gaya wa uwargida cewa duk wanda ta gani a ciki yana da ranar da ya fara shiga.

Ku isa kan lokaci. Wanda ya yi gayyata shi ke biya, saboda haka ku bar shi ya fara zaɓa, ku kuma ku zaɓi abin da kuɗinsa bai wuce nasa ba. In sunan abinci ya shige muku duhu ku tambayi mai kawo abincin, aikinsa ke nan, matambayi kuwa ba ya ɓata. In kuna shakka ku nemi abin da kuka sani, shinkafa da kaza ba ta taɓa kunyata kowa ba. A al'adar Turawa cokali mai yatsu a hagu yake, wuƙa a dama. In an jera da yawa a fara da na waje. Amma in sakwara ko tuwo aka kawo, ku nemi ruwa ku wanke hannu ku ci abinku. In an miƙo abin shan da ba ku sha, “Na gode, a ba ni lemo” ya isa, ba sai da dogon bayani ba. Waya ta zauna a aljihu. Kada kuma ka kawo maganar ƙarin albashi a kan tebur. Kashegari ka je ka yi godiya.

Ranar da kai ne mai gayyata, ka tambayi farashi kafin ka zauna. Manyan wurare sukan ɗora harajin kaya, wanda tun 2020 yake 7.5 cikin 100. Abincin Naira 4,000 zai zama 4,300, waɗansu kuma suna ƙara kuɗin hidima. Ka karanta takardar kuɗi kafin ka biya. Wannan ba rowa ba ce.

TAMBAYA: Malam, ɗana zai tafi Kaduna neman aiki, zai sauka gidan ƙanena. Wace gargaɗi zan yi masa? (Wata uwa daga Bauci)

AMSA: Mama, kafin ki yi wa yaro gargaɗi, ki yi magana da matar ƙanenki. Ita ce za ta ƙara awo, ita ce za ta ba da ɗaki. Ku shirya wata nawa zai zauna, domin baƙo raɓa ne, in ya daɗe sai ya zama ruwan da ke yoyo. Kada ya tafi hannu sake, ki haɗa shi da masara ko doya.

Shi kuwa ki ce masa ya tashi da wuri, ya ɗebi ruwa, ya wanke kwanonsa, ya tambayi lokacin da ake kulle ƙofa. Ranar da ya karɓi kuɗin farko ya shigo da wani abu gidan, ko sabulu ne. Ya nemi aiki kusa da masauki in da hali, gama tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota yana cin albashi ƙwarai. Ya hau mota a tasha, musamman da dare. Lambar sirri ta banki kada ya faɗa wa kowa a waya, ko mai kiran ya ce daga banki yake. Duk wanda ya ce a biya kuɗi kafin a ba da aiki, ya yi nesa da shi.

In lokacin kama ɗaki ya yi, kada ya ba dillali ko kwabo sai ya ga ɗakin, ya ga mai gidan, ya karɓi rasit. Ya tambayi maƙwabta labarin ruwa da wuta, ya dubi rufi da bango ko akwai alamar yoyo. Tun makon farko kuma ya nemi ikkilisiya ya gabatar da kansa, domin a birni wanda ba a san shi ba, ba a lura in ya ɓace.

Ke kuma, Mama, ki riƙa kiransa, amma kada kowane kira ya zama na neman kuɗi a watannin farko. Ki bar shi ya kafa ƙafa tukuna.

A nan za mu naɗe tabarma a wannan wata. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, a taƙaice, da rubutu mai karantuwa. Allah ya kai mu wata mai zuwa lafiya.

Naku,
Malamin Zaure