Sharhi: Katin zinare da tikitin rahusa, lissafin da ya sauya wa fataken Agege da Ogba

Daga Ogba ko Agege zuwa filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja tafiyar 'yan mintoci ce idan hanya ta yi kyau, kuma wannan kusanci ya daɗe yana tasiri a kan yadda Hausawan yankin ke gudanar da fatauci. Kakanninsu sun zauna a Zangon Agege ne saboda goro da layin dogon da ya haɗa Legas da Kano tun farkon ƙarni na 20. Jikokinsu kuwa, musamman masu harkar yadi, wayoyin hannu, kayan gyaran mota da canjin kuɗi, jirgin sama ne ya zame musu abin hawa, yau Kano, gobe Dubai, jibi Guangzhou.

A tsakanin irin waɗannan matafiya akwai wata dabara da ba a cika magana a kanta ba. Idan shekara ta doshi ƙarewa, mutum ya duba asusunsa na kamfanin jirgin da ya saba hawa ya tarar makinsa bai kai ba, sai ya nemi tikiti mafi arha zuwa wuri mai nisa, ya je ya dawo, ba don yana da wata buƙata a can ba, sai don kada a sauke shi daga matsayin azurfa ko na zinare. Dabarar ta samo asali ne daga Amurka, inda kamfanin American Airlines ya ƙaddamar da shirinsa na AAdvantage a 1981, sauran kamfanoni suka bi sahu. Abin tambaya yanzu shi ne ko har yanzu tana da riba ga ɗan kasuwar da ke samun kuɗinsa da naira.

Kafin a amsa, ya kamata a fahimci abin da katin ke saya. Ga ma'aikacin ofis, matsayin zinare yana nufin ɗakin hutu mai sanyi da shiga jirgi kafin jama'a. Ga ɗan kasuwa, maganar awon kaya ce. A ƙawancen Star Alliance, wanda kamfanonin Ethiopian Airlines, EgyptAir da Turkish Airlines ke ciki, mai riƙe da katin zinare yana samun ƙarin kilo 20 ko ƙarin jaka guda a kan abin da tikitinsa ya ba shi, sannan jakunkunansa na cikin na farkon fitowa. Wanda ke dawowa daga baje kolin Canton, da ake yi a Guangzhou a watannin Afrilu da Oktoba, ɗauke da samfurin kaya ko ƙananan hajoji masu tsada, ya san cewa jaka ɗaya ta ƙari kuɗi ne tsababa. Idan kuma jirgi ya cika ko aka soke tashi, mai katin ne ake fara nema wa kujera. Saboda haka ba son girma kaɗai ke sa mutane su riƙe katin da hannu biyu ba, ko da yake shi ma yana nan.

Sharuɗɗan kuwa ba su da sauƙi. A shirin Skywards na kamfanin Emirates, ana kai wa matsayin azurfa da makin matsayi 25,000 ko tafiya 25, na zinare kuma da maki 50,000 ko tafiya 50, kuma dole a sake cika sharaɗi duk shekara kafin a ci gaba da riƙe katin. Makin da tikiti ke kawowa ya danganta da ajinsa. Kujeru biyu na iya kasancewa kafaɗa da kafaɗa a jirgi ɗaya, amma wanda ya sayi tasa a farashi mafi rahusa ya tashi da wani ɗan kaso kawai na abin da maƙwabcinsa ya samu. A nan ne da yawa ke yin asara ba tare da sun sani ba, domin wakilin sayar da tikiti yakan nemo wa mutum mafi arha, ba ya faɗa masa ajin da aka rubuta a jiki.

Shekaru uku da suka fi jijjiga wannan lissafi su ne 2022 zuwa 2024. A lokacin, kuɗaɗen tikitin da kamfanonin waje suka sayar da naira sun maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce a 2023 adadin ya haura dala miliyan 800, mafi yawa a duniya a wancan lokaci. Martanin kamfanonin shi ne rufe azuzuwan kujeru masu rahusa ga masu saye daga Najeriya, suka bar masu tsada kawai. Ke nan tikitin da dabarar ta dogara a kansa ya ɓace daga kasuwa gaba ɗaya.

Emirates ya ma wuce nan. Ya dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen Oktoban 2022, kusan daidai lokacin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, bai dawo Legas ba sai ranar 1 ga Oktoba, 2024. Kusan shekara biyu babu jirgin kamfanin a ƙasar. Ɗan kasuwar da ya shafe shekaru yana tara matsayi a kan hanyar Legas zuwa Dubai ya wayi gari da kati a aljihu, babu inda zai sabunta shi daga gida. Mutane da dama sun karkata zuwa Addis Ababa, Alƙahira da Doha, inda dole aka fara tarin maki daga tushe.

Sai kuma faɗuwar naira. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji a Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a hukumance. A 2024 ta haura 1,500. Da yake da dala ake ƙayyade farashin tikitin ƙasashen waje, tafiyar da ba ta sauya ko sisi ba a lissafin kamfani ta ninka fiye da sau uku a lissafin fasinja. Bayan bankin ya biya mafi yawan bashin, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta matsa wa kamfanonin su buɗe kujerun rahusa a farkon 2024, kuma fara zirga-zirgar Air Peace daga Legas zuwa Gatwick a Landan ranar 30 ga Maris na shekarar ya tilasta wa abokan hamayyarsa rage farashi. An samu sauƙi, amma ba irin na da ba.

Ko da naira ba ta faɗi ba, kamfanonin da kansu sun fara toshe ƙofar. Delta, mai tashi daga Legas zuwa Atlanta, ya koma auna matsayi da yawan dalar da fasinja ya kashe kawai tun daga 2024: dala 5,000 don matakin azurfa, 10,000 don zinare. British Airways ya bi sahu daga 1 ga Afrilu, 2025, inda kowane fam guda da aka kashe a kan kuɗin tikiti ke kawo maki ɗaya, ana buƙatar 7,500 don azurfa da 20,000 don zinare, kuma harajin gwamnatoci ba ya shiga ƙidaya. A ƙarƙashin irin wannan tsari, tikiti mai arha zuwa wuri mai nisa ba ya da wani amfani, domin nisan ba shi ake aunawa ba. Kamfanonin sun gane cewa wanda ya iya farautar rahusa ba shi ne ke kawo musu riba ba, suka daina saka masa.

Har yanzu akwai waɗanda ke la'akari da nisa da yawan tafiya, kuma sa'ar fataken Najeriya ita ce yawancinsu su ne masu bi ta gabas, hanyar Sin da Dubai da Saudiyya. Ethiopian Airlines, mai shirin ShebaMiles, yana sauka a Legas, Abuja, Kano da Inugu. EgyptAir da Qatar Airways su ma suna zuwa Kano. Wannan ya buɗe wata hanya da ta fi tafiyar banza ma'ana: mutum ya tattara tafiye-tafiyen da dama zai yi, na kasuwanci da na Umara da na asibiti, a kamfani ɗaya ko ƙawance ɗaya, maimakon ya warwatsa su bisa ga wanda ya fi arha a kowane mako. Wani lokaci bambancin da ke tsakanin aji mafi rahusa da na sama da shi bai kai kuɗin jaka guda ta ƙari ba, alhali makin da yake kawowa ya fi yawa nesa ba kusa ba.

A cikin gida labarin daban ne. Air Peace yana da shirin Peace Advantage, Ibom Air yana da Ibom Flyer, Arik yana da Affinity Wings, amma babu kamfanin Najeriya ko ɗaya da ke cikin manyan ƙawancen duniya guda uku. Mutumin da ke zirga-zirga tsakanin Legas da Kano sau biyu a wata, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi, ba ya ƙara komai a kan katinsa na waje, kuma katinsa na gida ba ya buɗe masa ƙofa a Addis Ababa ko Istanbul. Ga kuma matsalar tsawon rai. An rushe Nigeria Airways a 2003, Air Nigeria ya daina tashi a 2012, hukumar AMCON ta karɓe Arik a Fabrairun 2017, an dakatar da Dana Air a Afrilun 2024 bayan jirginsa ya zame daga titin sauka a Legas. Maki alkawari ne na kamfani, ba ajiyar banki ba ce, kuma idan kamfanin ya durƙushe babu wata inshora da ke biyan mai shi. Wannan ne ya sa fasinjan cikin gida ya fi damuwa da wane jirgi zai tashi a kan lokaci fiye da wane kati zai samu, kuma da wuya a ga laifinsa.

Akwai gefen da ya shafi hukuma. Dokokin kare haƙƙin fasinja na NCAA sun yi bayani a kan jinkiri, soke tashi, ɓatan kaya da mayar da kuɗi, kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta nuna sha'awar bin diddigin farashin tikiti. Sai dai sharuɗɗan shirye-shiryen maki suna hannun kamfanoni, waɗanda ke da ikon sauya su ta hanyar sanarwa kawai, kamar yadda Delta da British Airways suka yi. Fasinjan da ya tsara tafiye-tafiyensa na shekara bisa tsohon sharaɗi ba shi da wurin kai ƙara.

Lissafin da ya rage wa ɗan kasuwar Ogba ko Agege gajere ne. Ya ƙidaya tafiye-tafiyen da yake da tabbacin yi a shekara mai zuwa, ya ninka da kuɗin jakar ƙari da zai biya in babu katin, ya kwatanta da kuɗin tikitin cike gurbi haɗe da biza, masauki da kwanakin da zai bar shagonsa. Idan tafiya ɗaya ce ta rage masa kuma yana zuwa Sin sau huɗu ko biyar a shekara, tana iya biyan kanta, musamman a watannin da farashi ke sauka bayan hutun Disamba da kuma bayan aikin Hajji. Idan kuwa sau biyu yake fita, ko kuma kayansa sun koma bin jirgin ruwa zuwa Apapa kamar yadda da yawa suka yi tun bayan tashin dala, kuɗin tafiyar ya fi amfanin katin.