Bindiga Ba Keke Ba Ce Da Za A Yi Wa Ado A Zaure

Ya ku 'yan'uwa mazauna Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba har Sabon Ibadan da Shagamu da Fatakwal, wata sabuwar sha'awa ta ɓullo mana daga Amurka ta cikin wayoyin hannu, kuma wajibi ne mu tanka tun ba ta yi saiwa ba. Mutum ne zai sayi ƙaramar bindiga sabuwa fil daga masana'anta, ya kai ta gida, ya kwance ta a kan tebur, ya sauya wannan, ya goge wancan, ya shafa mata fenti, sa'an nan ya ɗauki hotonta yana nuna wa duniya, wai da haka yake ɗebe kewa ranar hutu. Na zauna wajen mai shayi na ga samarinmu, cikinsu har da masu walda da makanikai, sun haɗa kai kan waya ɗaya suna kallo, ɗayansu yana cewa, "Ai wannan ko ni na iya." Maganar nan ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Bari mu fara duba gonar da ake so mu ɗebo iri daga cikinta. Tun 1791 tsarin mulkin Amurka ya ba ɗan ƙasa ikon riƙe makami. Cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta cewa a 2017 bindigogin da ke hannun farar hula a can sun kai miliyan 393, watau sun fi mutanen ƙasar yawa. A shekarar 2021 kaɗai bindiga ta ci rayuka 48,830, fiye da rabinsu kuwa mutane ne da suka juya ta a kan kansu. Ƙasar da ke binne mutane haka kowace shekara ba ita ce za ta koya mana wasa da ƙarfe ba.

Masu wannan sha'awa sun fi son bindigar Glock, wadda wani mutumin Ostiriya, Gaston Glock, ya ƙera a farkon shekarun 1980 har sojan ƙasarsa suka karɓe ta. Ba ta da makulli a waje da za a murɗa kafin harbi. Tsaronta yana ciki ne, kashi uku, haɗe da nauyin kunamarta, wanda ya kai wajen kilo biyu da rabi kafin ta tashi. To abin da gwanayen ɗaka suka fi kai wa hannu shi ne wannan kunama, su sassauta ta, wai don harbi ya yi daɗi. Ku dubi abin mamaki: lokacin da 'yan sandan birnin New York suka koma riƙe irin waɗannan bindigogi a shekarun 1990, sai da hukumarsu ta sa aka ƙara wa kunamar nauyi har ya wuce kilo biyar, don gudun kada ta tashi ba da niyya ba. Mutanen da aka horar, waɗanda riƙe bindiga shi ne abincinsu, sun ga ya kamata a ƙara, amma wani mai zarto a ɗakin ajiye mota ya ga ya kamata a rage! Ranar da ta suɓuce ta faɗi, ko bakin riga ya maƙale a cikinta, harsashin ba zai tambayi wanda ke tsaye a gaba ba, ko ɗansa ne ko matarsa.

Ko a Amurkan ma abin yana da iyaka, sai dai masu hoto ba su cika faɗi ba. Dokar 1968 ta wajabta lamba a jikin kowace bindiga da masana'anta ta fitar, kankare ta kuwa laifi ne. Wanda ya mayar da fistol mai aman wuta ba tsayawa yana iya shan ɗaurin shekara goma.

A nan gida maganar ta fi haka gajarta. Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin makaman da aka haramta, layi ɗaya da mashinga da gurneti, babu mai riƙe su sai da lasin daga Shugaban Ƙasa. Ƙerawa ko harhaɗawa ko gyara bindiga ba tare da izinin hukuma ba laifi ne mai zaman kansa, kuma wanda aka kama da haramtacciyar bindiga yana fuskantar ɗaurin shekara goma. Idan kuwa wadda ka taɓa ta shiga hannun 'yan fashi da saninka, doka ta ɗauke ka ɗaya daga cikinsu. Tsofaffin mazauna Binin ba su manta da George Iyamu ba, babban ɗan sanda da aka samu da laifin taimaka wa ƙungiyar Lawrence Anini, aka harbe shi a 1987 kamar yadda aka harbe Aninin. Kaki bai cece shi ba, balle kai mai walda a bakin titi.

Wani zai ce ai mu ma muna da maƙera da maharba, kuma 'yan bindiga suna cika fage da hayaƙin albarushi a hawan Salla. Gaskiya ne. Amma bindigar toka a hannun maharbi tana da sarkin sana'a a kanta, tana da lasin Kwamishinan 'Yan Sanda, kowa kuma ya san abin da ake yi da ita. Duk da haka ku tuna Uromi ta Jihar Edo, a watan Maris na 2025, inda aka tare maharba 'yan Arewa suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin Salla, aka ga bindigogin farauta a motarsu, taron jama'a ya hallaka mutum goma sha shida. Zalunci ne tsagwaronsa, Allah Ya jiƙansu. Idan kayan sana'ar da kowa ya sani sun zama hujja a bakin masu neman hujja, me kuke tsammani ranar da aka tsinci fistol mai fenti a shagon Bahaushe a Mile 12? Ba shi kaɗai za a nema ba. Mai goro da mai suya da mai gadi da mai acaɓa, duk su za su biya, rumfunan da aka shekara talatin ana ginawa su tafi cikin dare ɗaya.

Saboda haka muna kira ga Sarakunan Hausawa da limaman Sabo da shugabannin kasuwanni su tara masu walda da maƙera da makanikai na unguwanninsu, su karanta musu dokar nan da Hausa. Duk wanda aka kawo wa bindiga gyara, ko da ƙusa ɗaya ce za a ɗaure, ya ƙi karɓa, ya kuma sanar da Sarki kafin rana ta faɗi.