Abin da fenti ke ɓoyewa a Romi

Tun bayan rikicin shekarar 2000, da jama'a da yawa suka ƙaura zuwa kudancin Kogin Kaduna, Romi ta cika ta tumbatsa. Ma'aikacin da haya ta gajiyar a can hanya biyu ce a gabansa: ya sayi fili ya tsaya a kan gininsa, ko ya sayi gidan da aka gama. Ta farkon ta fi, matuƙar yana da lokacin tsayawa.

Dalili kuwa, ƙarfin gida yana wuraren da ido ba ya kai wa bayan an yi filasta: zurfin tushe, kaurin rodi, da yawan bulon da aka fitar daga buhun siminti guda. A farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000. Mai gini don sayarwa, idan ba ya tsoron Allah, a nan zai nemi ribarsa: ya ƙara yashi, ya sa rodi mai milimita 10 inda ake bukatar 12, ya ɗora nauyi a kan kankaren da bai yi ko mako yana shan ruwa ba, alhali sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Mai saye tayil da fenti kawai zai gani.

Sai dai gina wa kai ma yana da nasa haraji. Wanda ke leƙa aiki ranar Asabar kaɗai ya bar dukiyarsa a hannun birkila, farashi kuma ba ya jiran albashinsa. Irinsa gara ya biya injiniya mai rajista ya zama idonsa ranar zuba tushe da ranar zuba dakin.

Kafin duk wannan akwai takarda. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, don haka shaidar mai unguwa ba ta wadatar. Mazauna Gbagyi Villa, a wannan ƙaramar hukuma ta Chikun, sun ɗanɗana hakan a 2016, da gwamnati ta ce filinsu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ne. A binciki fili a KADGIS, a karɓi izinin gini a KASUPDA.

Wanda kuma saye ya zame masa dole, ya je duba gidan a watan Agusta, lokacin da danshi ke hawa bango, ya tafi da magininsa.