Kundin tarihin gida: ta ina za a fara?

A Zermu, cikin gundumar Mirya, kamar sauran garuruwan ƙasar Damagaram, da wuya a shiga gidan da babu wasu tsofaffin hotuna da takardu a ƙasan akwati ko cikin kwalla: hoton aure, katin lakwal, takardar biyan haraji, wasiƙar ɗan da ya tafi ci-rani Kano ko Libiya. Sau da yawa, ranar da dattijon da ya san fuskokin da ke ciki ya cika, sai a wayi gari ba wanda zai iya cewa wannan wane ne. Hoto yana nan, sunan mai shi ya tafi.

Tarihin sarauta dai ya samu masu kula da shi. Maroƙa da makaɗan fada sun riƙe labarin Sarki Tanimun da ganuwar Birni, kuma André Salifou ya wallafa littafi a kan daular Damagaram a 1971. Amma tarihin manomi, da maƙeri, da mai saƙar tabarma, in iyalinsu ba su tattara shi ba, babu mai tattara musu. Maganin abin kuwa mai sauƙi ne: kundi guda da ake liƙa hotuna da takardu, ana rubuta bayaninsu a gefe.

Kayan aikin ba su da yawa: babban kaye mai bango mai kauri, almakashi, fensir, biro, tsofaffin ambulan, da ɗan ƙaro. Mai farawa kada ya ce zai haɗa tarihin zuri'a duka a dare ɗaya. Ya zaɓi abu guda, misali rayuwar kakansa ko bikin sunan ɗansa na fari, ya jera kayan bisa shekaru kafin ya liƙa komai.

Hoto ba a shafa masa danƙo. Sai a yanke kusurwoyin ambulan huɗu, a liƙa su a shafi, a sa hoton a ciki, ta yadda za a iya zare shi ba tare da ya yage ba. Salatif yana sa takarda ta yi ja, ya kuma bar tabo. Kunun gari kuwa gara da kyankyaso yake kira. Yankan jarida na saurin dafewa, don haka gara a yi masa hotokopi. Takardar haihuwa, da ta gona, da rubutun ajami na kakanni, ba a liƙa su ko kaɗan: a ajiye na asali cikin ambulan, a sa kwafinsu a kundi. Hotunan da ke cikin wayar salula ma a zaɓi kaɗan a wanke su, domin waya tana ɓata, tana kuma lalacewa.

Babban aikin shi ne rubutu. A ƙarƙashin kowane hoto a sa suna, da sunan uba, da gari, da shekara, da boko ko da ajami. Mutane da dama takardunsu na cewa ne kawai an haife su wajen shekara kaza, amma tsofaffi suna lissafi da manyan al'amura: yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, mayar da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, samun ƴancin kai a 1960, farin 1984, karyewar darajar sefa a 1994. Tsohuwar da ta ce ta yi aure damina biyu bayan ƴancin kai, ta riga ta ba da shekara; a rubuta yadda ta faɗa, a sa sunanta.

Idan an gama, a naɗe kundin da ƙyalle mai tsabta, a sa cikin akwatin ƙarfe, a ɗora bisa dutse ko katako nesa da bango, a riƙa duba shi a lokacin damina. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe: wanda ke da tsoho a gida, ya ɗauki hotuna da fensir ya je ya zauna gabansa a wannan mako.