Waiwaye: Rikodar FBI, Mai Siket da Gawar da Ruwa Ya Kawo

Ranar 13 ga Oktoba 2017 kamfanin Netflix ya saki zangon farko na shirin Mindhunter, kashi 10 a tashi ɗaya. An tallata shi a matsayin labarin farautar masu kisan ɗauki-ɗai-ɗai, don haka wanda ya saba da fina-finan 'yan sandan Amurka ya gyara zama yana jiran harbe-harbe da tseren motoci. Abin da ya tarar shi ne mutum biyu cikin kwat, da teburi, da rikoda, da wani ƙato a gidan yari yana ba su labarin yadda ya kashe uwarsa, murya a kwance kamar ba komai. Ba shiri ne da samarin garinmu Auyo za su yi wa layi a shagon masu tura fina-finai a waya ba; Labarina da Kwana Casa'in da fassarar Indiya sun fi shi kasuwa nesa ba kusa ba. Amma duk sanda aka ce an tsinci gawa a bakin kogi, ko yaro ya fita bai dawo ba, shirin nan nake tunawa.

Labarin ya fara ne a 1977. Jami'an FBI biyu, Holden Ford da Bill Tench, suna yawo gari-gari suna koyar da 'yan sandan ƙananan garuruwa, sai suka fara ratsewa gidajen yari suna hira da waɗanda suka kashe mutane da yawa ba gaira ba dalili. Shugabansu bai ga amfanin abin ba, ya tura su wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa a makarantar horon hukumar da ke Quantico. Marubucin shirin, Joe Penhall, ya gina shi a kan littafin da John Douglas da Mark Olshaker suka fitar a 1995, David Fincher kuma ya ba da umarnin kashi 4 cikin 10. Ford dai Douglas ne aka sauya wa suna, Tench kuma Robert Ressler.

Su makasan ba a sauya musu suna ba. Edmund Kemper, wanda Cameron Britton ya fito a matsayinsa, ya harbe kakanninsa biyu a 1964 yana ɗan shekara 15. Aka kai shi asibitin masu taɓin hankali, likitoci suka ce ya warke, aka sake shi. Tsakanin 1972 da 1973 ya kashe 'yan mata ɗalibai 6 a yankin Santa Cruz na jihar Kalifoniya, ya cika da mahaifiyarsa da ƙawarta. A duk tsawon lokacin nan yana zama a mashaya ɗaya da 'yan sandan da ke nemansa, suna hira, suna masa kallon abokin wasa. Da kansa ya buga musu waya daga jihar Colorado ya ce shi ne, kuma da farko ba su ma ɗauki maganar da gaske ba.

Masu kallo sun fi son waɗannan zaman hirar, da Kemper, da Jerry Brudos mai tara takalman mata, da Richard Speck wanda ya kashe ɗaliban aikin jinya 8 a dare ɗaya a Chicago a 1966. Ni kuwa wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Dokta Wendy Carr, da aka gina a kan Farfesa Ann Burgess ta Boston. Ita ce ta nuna musu cewa hirar da ba a tsara ba gulma ce kawai. Ta sa a rubuta tambayoyi iri ɗaya, a yi wa kowane fursuna, a juye kaset zuwa takarda, a jera amsoshin a ga inda suka yi kama. A binciken na gaske fursunoni 36 aka yi wa haka. Ford kuwa, da ya fara jin cewa shi mai karanta zukatan mutane ne, kansa ya kumbura, ya watsar da takardar tambayoyi, zangon ya ƙare yana zube a barandar asibiti numfashi na neman gagararsa.

Akwai kuma wani mutum da ake haskowa na ɗan lokaci a farkon yawancin kashi-kashin, ma'aikacin kamfanin sanya ƙararrawar tsaro a gidaje a jihar Kansas. Ba a faɗi cikakken sunansa ba, jaruman kuma ba su taɓa haɗuwa da shi ba. Dennis Rader ke nan, wanda ya kashe mutum 10 tsakanin 1974 da 1991. Duk ilimin karanta halayyar makasa bai kama shi ba. Sai a watan Fabrairu 2005 ya shiga hannu, bayan ya aika wa wata tashar talabijin faifan kwamfuta wanda ke ɗauke da sunansa na farko da sunan cocin da yake shugabantar majalisarta, gwajin ƙwayar halitta ya ƙarasa aikin. Muna cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A nan rana dubun ta kai shekara 31.

Mu dawo gida. A watan Yuni 2020 kakakin 'yan sandan Kano, Abdullahi Haruna Kiyawa, ya sanar da kama wani mutum a Kwanar Ɗangora, kan hanyar Kano zuwa Zariya, wanda aka ce ya amsa yi wa mata kimanin 40 fyaɗe cikin shekara guda, daga yara ƙanana har tsohuwa 'yar shekara 80. Wannan ba kisa ya yi ba, amma salon ɗaya ne: mutum guda, laifi guda, yana maimaitawa. Mutanen gari sun san da shi har sun raɗa masa suna, Mai Siket. Wata uwa ce ta same shi a ɗakin 'ya'yanta, ya tsere, maƙwabta suka bi shi suka cafke. A duba lissafin da kyau. Gari ɗaya, shekara ɗaya, gida bayan gida, kowane gida yana haɗiye nasa don rufin asiri, don kada yarinya ta rasa mijin aure. Da gida na uku ya san abin da ya faru a gida na farko da na biyu, da bakin wanda ya kamata ya sani, da wuya a kai 40.

A Fatakwal kuma, a 2019, aka riƙa tsintar gawarwakin mata a ɗakunan otal, an shaƙe su, an ɗaure su da farin ƙyalle. Da farko hankali ya tafi kan matan: me ya kai su otal? Irin maganarmu ce ta in ɓera da sata, daddawa ma da wari, wadda ba ta taɓa kama ɓera ko ɗaya ba. Sai da mata suka fito zanga-zanga, sai da kyamarar tsaro ta wani otal ta ɗauki fuskar mutumin, sannan aka kama Gracious David-West a watan Satumba a cikin motar haya. Babbar kotun jihar Ribas ta yanke masa hukuncin kisa a Oktoba 2020 kan rayuka 9.

To, ga yanayin Auyo. Kogin Haɗeja ya taso ne daga haɗuwar kogin Kano da Challawa, ya bi ta Wudil da Ringim, ya ratso mu, ya wuce Haɗeja ya bazu cikin fadamu har jihar Yobe. Da damina, musamman shekarun ambaliya irin 2018 da 2020 da 2022, ba a gane inda kogi ya tsaya gona ta fara. Gawar da ta faɗa ruwa a wata ƙaramar hukuma tana iya maƙalewa cikin kachala a wata. Masunta su ciro ta, a kira bulama, a duba fuska ba a san shi ba, a yi masa sutura kafin la'asar, kamar yadda addini ya koyar, Allah ya saka musu da alheri. Can a garinsu kuma ana cigiya a masallaci da rediyo. Cigiyar da gawar ba za su taɓa haɗuwa ba, domin babu littafin da ya haɗa su. Ga kuma baƙi da noman rani ke jawowa, musamman tun da aka faɗaɗa aikin ban-ruwa na kwarin Haɗeja wanda Shugaba Buhari ya zo ya buɗe a Janairu 2023: 'yan ƙwadagon yankan shinkafa, 'yan ci-rani, almajirai, masu sayen tumatir. Waɗannan in ɗaya ya ɓace, sai a ce ya koma gida. Mafi yawan waɗanda ruwa ke kawowa ruwan ne ya ci su, babu shakka. Amma da a ce akwai mai hannu a cikin uku ko huɗu, da me za mu gane?

Muna da amsoshi a shirye da ke rufe bincike tun kafin a buɗe shi. Kwana ne ya ƙare. Mutanen ruwa ne suka ja shi. Matsafa ne, 'yan shan jini. In kuma aka yi sa'a, ko rashin sa'a, aka kama wani da ake zargi, taron jama'a su gama da shi a nan take, ya tafi da duk abin da ya sani: su wa ya taɓa, ina ya binne su, wa yake kai wa. In ma ba shi ba ne, an ƙara gawa ɗaya, mai laifin na tsaye cikin taron. Wanda ya tsinci gawa kuma yana tsoron zuwa caji ofis, don kowa ya san mai kai rahoto kan zama wanda ake fara tuhuma.

Amurka ma ta daɗe cikin wannan makanta. Wani ɗan sandan Los Angeles, Pierce Brooks, a ƙarshen shekarun 1950 ɗakin karatu yake zuwa yana bin jaridun wasu garuruwa ko zai ga kisa mai kama da wanda yake bincike. Sai a 1985 FBI ta kafa rumbun bayanai na ViCAP bisa shawararsa. Rumbun nan ne ya taimaka a 2018 aka warware zaren Samuel Little, wanda ya amsa kashe mutum 93 tsakanin 1970 da 2005, galibi mata talakawa da ba mai bin kadinsu, waɗanda aka rubuta mutuwar da yawansu a matsayin haɗari ko shan ƙwaya.

Najeriya ta ɗan taɓuka. Legas ta buɗe cibiyar gwajin ƙwayar halitta a 2017, hukumar NAPTIP ta ƙaddamar da rajistar masu laifin fyaɗe ta ƙasa a Nuwamba 2019, Jigawa ta yi dokar hana cin zarafin mutane a 2021. Duk waɗannan suna aiki ne bayan magana ta isa ofis, kuma tamu a zaure take mutuwa. Abin da nake gani ya fi kusa da hannunmu shi ne masarauta. Ƙananan hukumomi 8 ne a ƙarƙashin Sarkin Haɗeja: Auyo, Birniwa, Guri, Haɗeja, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori, kuma daga bulama zuwa dagaci zuwa hakimi sarƙar ba ta tsinke ba. Kowane bulama ya riƙe littafi guda. Wanda ya ɓace a rubuta ranar, da kayan jikinsa, da wanda aka gani tare da shi a ƙarshe. Gawar da ba a sani ba a ɗauki hotonta da waya kafin wanka, a duba wuya da hannuwa, a rubuta abin da aka gani da inda aka binne ta. Koken fyaɗe a rubuta unguwa da lokaci da yadda mutumin ya shigo, a bar sunan yarinyar a ɓoye. Ƙarshen wata a kai kwafi ga hakimi da DPO, a sami mutum ɗaya a Haɗeja wanda aikinsa shi ne ya jera na Auyo kusa da na Kafin Hausa da na Guri, ya karanta su tare, ya kuma buga waya Miga da Ringim, tunda daga can ruwan yake gangarowa.